Godiya bayan zaman tunawa da Andrew Mynarski

Mu da muka shirya zaman tunawa na daren 12 ga Yuni muna miƙa godiya ga duk wanda ya bar harkokinsa ya zo, ya zauna har aka tashi. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Wanda muka taru dominsa, Andrew Mynarski, ɗan Winnipeg ne a Kanada, iyayensa 'yan asalin Poland. Yana da shekara 27 lokacin da jirginsu, jirgin jefa bama-bamai ƙirar Lancaster mai lamba KB726 na runduna ta 419 ta sojan saman Kanada, ya tashi daga Middleton St George a Ingila a daren 12 ga Yuni 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, zai kai hari kan mahaɗar jiragen ƙasa ta Cambrai a Faransa. Su bakwai ne a ciki, shi ne maharbin da ke kejin bindiga na saman jirgin.

Godiya ta musamman ga dattijon makanikin jirgin sama da ya zo da zane ya warware abin da ya fi ɗaure wa mutane kai: me ya hana maharbin wutsiya, Pat Brophy, fita da kansa bayan an harbi jirgin? Kejin wutsiya na Lancaster yana ɗauke da bindigogi 4, kuma matsin mai ne ke juya shi, daga famfon da ke jikin injin hagu na waje. Kejin ya yi ƙunci ƙwarai, don haka laimar sauka ta maharbin tana rataye a cikin jirgi, bayan ƙofar kejin. In za a tsere, sai ya daidaita kejin, ya buɗe ƙofa, ya jawo laimar ya maƙala a ƙirji, sannan ya juya kejin gefe ya faɗa waje da baya. A daren nan jirgin Jamus ƙirar Ju 88 ya kashe injinan hagu duka biyu, bututun mai suka fashe suka kama wuta, kejin ya tsaya a karkace. Akwai hannun wanawa na ko-ta-kwana, shi ma ya karye. Ƙofar ba ta fuskantar cikin jirgi, ba ta fuskantar waje.

Matuƙi Art de Breyne ya ba da umarni kowa ya yi tsalle. Mynarski ya kai ƙofar baya, ya hango Brophy a maƙale, ya ratsa wutar ya koma. Ya sari kejin da gatarin jirgi, ya gwada da hannu, har tufafinsa da laimarsa suka kama. Da Brophy ya yi masa alama ya tafi, sai ya koma ƙofa, ya tsaya ya sara masa irin gaisuwar soja, ya faɗa yana ci da wuta. Faransawan ƙauye ne suka tsince shi da rai, amma ƙunar ta yi yawa, ya rasu. Ikon Allah, jirgin ya faɗi kusa da Gaudiempré, karon ya wurgo Brophy waje da ransa. Mutum shida sun tsira. Da Brophy ya mutu a kejin nan, babu wanda zai ba da labarin. Shaidarsa ce ta sa aka ba Mynarski lambar Victoria Cross, lambar jarumtar soja mafi girma ta Birtaniya, a Oktoba 1946.

Mun gode wa malamar da ta nuna hotunan kabarinsa a maƙabartar Méharicourt, da matasan da suka karɓi karatun sunayen mutanen jirgin ɗaya bayan ɗaya. Ba a manta da waɗanda suka ɗauki nauyin kujeru da shayi ba, ko da yake sun ce kada a ambace su.

Gyara ɗaya, don wani ya faɗa a zaman kuma ba mu tare shi ba: jirgin da ke gidan tarihin jiragen yaƙi na Hamilton a Ontario ba shi ne KB726 ba. Lambarsa FM213, an yi masa fenti ne da alamomin jirgin su Mynarski, kuma yana ɗaya daga cikin Lancaster biyu kacal da ke iya tashi a yau. Mutum-mutumin Mynarski kuwa yana Middleton St George tun 2005.

Waɗanda suka nemi kwafin zanen kejin wutsiya su tuntuɓi masu shirya zaman, an riga an buga.