Bahaushiya Kirista a Gadarif, da tambayoyin da na sha

Aikin ungozoma ne ya kai ni Gadarif, can gabashin Sudan, ƙasar riɗi da dawa, a farkon 2020, ƙarƙashin wata ƙungiyar agaji. Ban je wa'azi ba, takardar aikina ma ta hana. Amma wadda ta ce ita Bahaushiya ce kuma Kirista a tsakiyar Hausawan Sudan, ko ba ta buɗe baki ba ta riga ta zama abin tambaya. Ɗaki na kama a gidan wata dattijuwa da ake kira Hajiya a unguwar Hausawa, saboda na gaji da Larabcin da ban gama iyawa ba, ina son in dawo daga asibiti in ji an ce min sannu da aiki. Ba a jima ba ta tare ni a bakin randa.

"'Yata, ban ga kina alwala ba. Lalura ce ta daɗe haka?"

"Inna, ni Kirista ce."

Ta dube ni sama da ƙasa. "To Bayarabiya ce ke, kika iya Hausa haka?"

Na ce mata a'a, ƙasar Malumfashi aka haife ni, kakana Bamaguje ne, ubana ya tashi a cocin ECWA, kuma Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa cikakke tun 1932. Ta ce ikon Allah, ta ɗauki butarta. Da dare ta aiko min da kisra, siririyar wainar dawa ta Sudan, da miyar kuɓewa kamar kullum.

Sai da na fahimci tarihinsu na gane nauyin abin da na faɗa mata. Da yawa daga cikin Hausawan Sudan jikokin mahajjata ne da suka taka da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare, suka zauna noma. Wasu kuma jikokin waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru ne, wanda Turawan Ingila suka kashe a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, garin da yake ɗauke da sunansa har yau. Ƙanen mijin Hajiya, wani tsoho mai sayar da agashe, wato tsiren Sudan, ya faɗa min a fili: "Kakanninmu daga Nasara suka gudo, ke kuma kin bi su." Ba da faɗa ya faɗa ba. Ciwo ne na gado.

Abin da na ce masa shi ne, "Baba, ba zan tsaya in wanke Lugga ba. Da bindiga mai ruwa aka ci Kano da Sakkwato, ba da Linjila ba, kuma ba ni da ayar da zan kare wannan da ita." A ganina nan ne masu kare bangaskiya da yawa suke ɓata lokacinsu. Suna ɗauka duk abin da Bature ya taɓa yi nauyi ne a wuyansu, sai su yi ta kame-kame. Ni Almasihu aka ba ni in shaida, ba daular Ingila ba.

Amma maganar cewa Kiristanci kayan Turawa ne, wannan kam ƙasar Sudan da kanta ta amsa min ita. Wajen shekara ta 543 masu bishara suka iso Nubiya daga Kustantiniya, masarautu uku suka zama na Kirista: Nobatiya, Makuriya mai hedikwata a tsohuwar Dongola, da Alwa wadda babban birninta Soba yake gab da Khartoum ta yau. Kusan shekara dubu ana sujada a can kafin Soba ta faɗi wajen 1500. Da na je Khartoum sabunta takarda na shiga gidan tarihi na ƙasa, na hau bene inda aka jera zanen bango da masana daga Poland suka ciro daga babban cocin Faras tsakanin 1961 da 1964, kafin ruwan madatsar Aswan ya shanye wurin. Akwai haihuwar Yesu, akwai samari uku a tanderun wuta, akwai 'yan gidan sarautar Nubiya da fata irin tamu. Na ɗauko hotuna a waya na kawo wa Baba. Ya daɗe yana matsawa da yatsa yana ƙara girman fuskokin. Bai ce na yi gaskiya ba. Ya ce, "Ashe." Gani ya kori ji. Na ƙara masa da cewa ma'ajin sarauniya Kandaka da aka yi wa baftisma a Ayyukan Manzanni sura 8, Kandakar nan sarautar tsohuwar daular Meroe ce, wadda dalolinta suke arewa da Shendi.

Wanda ya fi ba ni aiki shi ne autan Hajiya, ɗalibin jami'a, yaro mai kaifin kai da ladabi. Wayarsa cike take da bidiyon Ahmed Deedat, har da muhawararsa da Jimmy Swaggart ta 1986, da na Zakir Naik. Yakan zauna a kan bambar, 'yar kujerar Sudan, a tsakar gida bayan isha'i, ana dafa jabana, wato gahawarsu, ya ce, "Yaya, ina da tambaya, amma kada ki ji haushi." Tambayar farko ita ce wadda kowane Kirista a ƙasar Hausa ya sani: ai an canza littafinku.

Na koyi kada in yi saurin amsawa. Sai in ce, "Ƙanena, yaushe aka canza shi, kuma a ina?" Domin maganar tana da wurin dubawa. Akwai kwafin Girkanci da aka samo a gidan ibadar Santa Katarina a Sina'i, an rubuta shi a ƙarni na 4, yawancinsa yana ɗakin karatu na Birtaniya a Landan, an kuma sa hotunansa a intanet kowa ya gani. Akwai wani na wannan ƙarnin a Vatican. Dukansu sun girmi zuwan Musulunci da kusan shekara 300, kuma gicciye da tashin Yesu suna ciki. In an ce bayan ƙarni na 7 aka canza, ga tsofaffin kwafi a gwada. In an ce kafin nan ne, sai a nuna wanda ba a canza ba. Sannan ni da kaina na buɗe masa ƙarshen Markus, sura 16 daga aya 9, da labarin matar da aka kama da zina a Yahaya sura 8, na ce masa waɗannan biyun ba sa cikin mafi tsufan kwafin, kuma fassarori da yawa sun rubuta haka a ƙasan shafi. Ya yi mamaki da na ba shi makamin da hannuna. Ni kuwa na fi son ya ji daga bakina da ya tsinto a YouTube ya ɗauka ɓoyewa muke yi. Bangaskiyar da za ta rushe saboda bayanin ƙasan shafi, tun farko ba ta da tushe.

Kan batun Ɗan Allah, abin da ya fi yawa shi ne share abin da ba mu ce ba. Babu Kiristan da ya gaskata Allah ya yi aure ya haihu, mu ma saɓo muke kiran wannan. Kan gicciye kuwa ban yi ƙoƙarin haɗa abin da ba ya haɗuwa ba. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i aya 157 ya ce ba a kashe shi ba, Linjila huɗu sun ce an kashe shi, marubucin Roma Tacitus, wanda ba ya ƙaunar Kiristoci ko kaɗan, ya rubuta cewa an kashe shi a hannun Bilatus zamanin Tibariyas. Na ce masa a nan muka rabu, kuma girmama juna ne mu yarda mun rabu, maimakon mu ce duk ɗaya ne don a sha shayi lafiya. Manzo Bitrus ya ce mu kasance a shirye mu ba da amsa, amma da tawali'u da ladabi. Rabin farko ya fi rabin na biyu sauƙi, musamman in ana ta maimaita miki tambayar da kika amsa jiya.

A Yulin 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta gyara dokar laifuka ta 1991. Aka soke sashe na 126 da ya yanke hukuncin kisa kan ridda, wanda da shi aka yanke wa Maryam Yahaya Ibrahim hukunci a 2014 tana da ciki, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta sake ta. Aka kuma ba wanda ba Musulmi ba damar shan giya. A unguwarmu wannan na biyun ne ya zama hira, ana ta maganar aragi, giyar gargajiyar Sudan. Wata maƙwabciya ta leƙo tana dariya, "Sister, an buɗe muku, sai aragi!" Na ce mata a cocin da na tashi ko burukutu aka gan ka da shi sai dattawa sun zaunar da kai. Ba ta yarda ba da farko, domin a wajenta Kirista shi ne abin da take gani a fim: kwalba, tsiraici, yara suna zagin iyaye. Wannan ma ban kare shi ba. Na ce mata uwata da ke Malumfashi ta fi ta ƙyamar abin, kuma tsawon zanenta ya kai nata. Amma na ƙara da abin da ba ta so ji ba, cewa na yi murna da soke dokar ridda, domin imanin da takobi ke tsare da shi ba a san na waye ba, na mutum ne ko na tsoro. Mu ma Kiristoci mun ƙona mutane a Turai kan aƙida, kuma abin kunya ne, ba abin koyi ba.

A cikin gyaran nan ne aka haramta kaciyar mata, da ɗaurin shekara 3. Wannan ya shafi aikina kai tsaye. Binciken ƙasa na 2014 ya nuna kusan kashi 87 cikin 100 na matan Sudan masu shekara 15 zuwa 49 an yi musu. A ɗakin haihuwa na ga irin wadda suke kira ta Fir'auna, inda ake ɗinke mace a bar 'yar ƙofa, sai an tsaga kafin kan jariri ya fito, bayan haihuwa kuma dangi su matsa a sake ɗinkewa. Na ƙi sake ɗinki, kowane lokaci. Wata kaka ta riƙe min hannu ta ce, "'Yar nan, addininku ne kike kawo mana." Na ce, "Kaka, a Masar akwai Kiristoci masu yi, a Habasha ma akwai, a Makka kuwa yawanci ba a yi. Ba rigimar coci da masallaci ba ce." Abin da ya tsayar da ni dai daga bangaskiyata ya fito: Zabura 139 ta ce Allah ne ya saƙa mu a cikin uwa, kuma ban ga inda ya bar aikin a rabi don reza ta ƙarasa ba. Sai dai ban ja mata aya ba. Na yi amfani da maganar kamfen ɗin Salima da aka fara a Sudan a 2008, cewa yarinya an haife ta cikakkiya, a bar ta ta girma cikakkiya. Abin da ya ƙara min ƙarfi, Hajiya da kanta ta ce min a wajen iyayensu ba a san wannan ɗinkin ba, zama da maƙwabta da neman aurar da 'ya'ya ne ya shigo da shi wasu gidaje. Daga baya ita ce take raka ni wajen matan unguwa, ita ta kawo hujjar malamai, ni in kawo abin da na gani a gadon haihuwa.

Wuri mafi wuya bai zo daga Musulmi ba. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu, wajen Damazin da Rusairis, tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, kan ƙasa da kan neman Hausawa a ba su sarautar gargajiya tasu. An kashe sama da mutum 100, a Oktoba kuma aka sake yi a Wad al-Mahi. Hausawa suka yi zanga-zanga a Kassala da Gadarif da Khartoum. Mutanen da aka haifi kakanninsu a Sudan aka ce musu baƙi. Gidanmu ya cika da dangin Hajiya da suka gudo, mata da yara a kan tabarma har bakin zaure, wata da jariri ɗan kwana kaɗan da cibiyarsa ta fara ruwa. Ina wanke cibiyar nan, wayata tana ta ƙara da saƙonnin wani zauren WhatsApp na 'yan'uwa masu bi daga gida. Wani ya turo labarin ya rubuta a ƙasa, su ma su ɗanɗana abin da muke ɗanɗana.

Na san inda maganar ta fito. Ni ma na yi jana'izar mutanen da aka kashe don suna zuwa coci. Amma na rubuta masa cewa waɗannan manoma ne da masunta da ba su taɓa ganin Kaduna ba, waɗanda suka far musu ma yawanci Musulmi ne, kuma ko da su ne suka ƙone mana coci, Romawa 12 ta ce mu yi kuka da masu kuka, in maƙiyinka yana jin yunwa ka ba shi abinci. Wasu suka ce zaman Sudan ya sanyaya ni. Na fita daga zauren. A cocin da nake zuwa da yamma ranar Lahadi, tunda Lahadi ranar aiki ce a can, yawancin mutanen 'yan Dutsen Nuba ne da suka san gudun hijira tun suna yara. Ba a yi dogon taro ba, suka haɗa buhunan dawa da sabulu da barguna, matasa suka kawo a amalanken jaki har ƙofar Hajiya.

Yaƙi tsakanin sojan Sudan da dakarun sa-kai na RSF ya fara ranar 15 ga Afrilu 2023, ƙungiyarmu ta fitar da mu ta Gallabat zuwa Matama a Habasha. Gidan tarihin Khartoum ya faɗa hannun mayaƙa, an kuma wawashe shi. Autan Hajiya yana sayar da agashe tare da Baba yanzu, karatu ya tsaya. Duk sanda intanet ta samu yakan turo saƙon murya, har yanzu da "Yaya, kada ki ji haushi" yake farawa. Ya daina tambaya kan tsofaffin kwafi. Na baya-bayan nan cewa ya yi, in Allah mai ƙauna ne kamar yadda nake faɗa, me ya sa Sudan. Na tura masa abin da Kirista yake da shi a kan wannan, cewa Allahn da nake bauta wa bai tsaya daga nesa yana kallon wahala ba, ya shigo cikinta har sojoji suka kashe shi bisa hukuncin zalunci, ya kuma tashi. Ya amsa da cewa shi ƙaddara ya riƙe, kuma Hajiya ta ce in turo sunan maganin hawan jinin nan, na wancan karon ya ƙare.