Korona da ɗaukewar jin ƙamshi

Ƙwayar korona ta fi kama ƙwayoyin halittar da ke tallafa wa jijiyar ƙamshi a can saman hanci, ita jijiyar takan tsira. Shi ya sa yawancin mutane ke warwarewa cikin 'yan makonni.

Idan abin ya daɗe, a horar da hanci da kanumfari, ɓawon lemun tsami, citta da turare. A shaƙi kowanne daƙiƙa 20, safe da yamma, aƙalla wata 3. Rashin haƙuri ne ke sa a daina da wuri. Kafin nan a kula da tukunyar gas da kwantan abinci, tunda hanci ba zai ji warinsu ba.

Amma karkacewar baki ko mutuwar hannu farat ɗaya ba matsalar hanci ba ce, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A garzaya da mutum asibiti, kada a ba shi ruwa ko asfirin.