Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Jiran Alat a Farin Gada

A makon jiya na tsaya a inda na karɓi rumfar Baba a kasuwar Farin Gada, bayan ciwon ƙafa ya zaunar da shi a gida. Ban gama sanin kan kayan gwari ba sai ga canjin kuɗi. An sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa 31 ga Janairun 2023 ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin mun kai banki, sababbin kuwa ganinsu sai mai rabo.

Mai atamfa zai iya rufe shago ya jira, amma tumatir ba ya jiran kowa. Manomi ya sauke kwanduna tun asuba cikin sanyin Jos mai ratsa ƙashi, kuɗinsa yake so a hannu don ba shi da asusu. Mai saye kuma ya ce sai taransifa. Ya nuna maka an cire masa, kai kuma wayarka shiru. In ka hana shi kaya ka zalunce shi, in ka ba shi wataƙila kuɗin su koma masa, kuma ba ka san gidansa ba. Masu POS, in ma suna da kuɗin, sai sun yanki kaso mai tsoka.

Asarar ba ta ci ni kamar yadda zuciyata ta koma cikin waya ba. Ina bin liman La'asar, da ta motsa a aljihu sai hankalina ya tafi lissafi. Da dare ma a ƙarƙashin matashi take kwana.

Akwai wani dattijo mai albasa kusa da ni, abokin Baba. Wata rana ya ce, "Ɗana, dubawar nan tana sa su shigo?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To rubuta sunan mutumin da lambarsa ka sallame shi. Lokacin da kake ƙonawa kana kallon gilashi, cika shi da istigfari." Ya karanto min aya ta 28 a Suratur Ra'ad, wadda ta ce da ambaton Allah zukata ke natsuwa.

Na sayi littafi, na ɗauko carbin Baba. Duk sa'adda ɗan da'irar nan ta fara juyawa a fuskar waya, sai in kife ta a kan buhun karas in ja carbi. Lokacin sallah kuwa a rumfa nake barinta wajen yarona.

Sabis bai gyaru ba, wasu kuɗin har yau ba su shigo ba. Amma barcina ya dawo, na daina yi wa 'yan dako tsawa, sallata ta koma sallah. Kuma mafi yawan waɗanda na rubuta sun dawo da ƙafarsu sun biya, tun kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi har ƙarshen shekara.

Cikin waɗanda suka biya daga baya akwai wata baiwar Allah da ta taso tun daga Bukuru da kuɗin kabeji ƙulle a bakin zani, ana gobe azumi. Zuwanta ne ya sauya akalar kasuwancina, kuma daga nan za mu ɗora mako mai zuwa in Allah ya kai mu.