Allurar taitaniyam da na saka wa fistol ɗina

Ranar Lahadi bayan la'asar ɗan yayata, wanda ke aikin ɗan sanda a nan Legas, ya same ni a ƙofar gida a Agege ya miƙo mini waya. Wani Bature ne a bidiyo yake ta yabon allurar bindiga ta taitaniyam. Ya ce, "Kawu, wai da gaske tana ƙara saiti?"

Na taɓa sayenta. Lokacin ina zaune a Texas ta Amurka ina da fistol samfurin 1911, ƙirar John Browning, ina zuwa filin koyon harbi da ita. Allurar nan ita ce siririn ƙarfen da guduma ke bugawa idan an ja kunama, ita kuma ta daki gindin harsashi wuta ta tashi. Taitaniyam ya fi baƙin ƙarfe sauƙin nauyi da wajen kashi 40 cikin 100, saboda haka aka ce mini za ta isa harsashi tun hannu bai motsa ba. Na biya, mai gyara ya saka mini.

Saiti bai canja ba ko kaɗan. Canjin ya fito ne ranar da na sayi harsashi mai arha, mai taurin gindi. Na ja kunama, sai ƙas, shiru. Na jira, na fitar da harsashin, ga tabon allura amma bai yi zurfi ba. Sau uku hakan ya faru a wuni ɗaya, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Mai gyaran ne ya fahimtar da ni ainihin amfaninta. Tsohuwar 1911 ba ta da abin da ke tokare allura, a 1983 kuma kamfanin Colt ya fito da samfuri mai shi. Wadda ba ta da matokarin idan ta faɗi baki ƙasa, nauyin allurar kaɗai na iya kai ta ga harsashi. Allura marar nauyi da sifirin mai ƙarfi da ke riƙe ta baya na rage haɗarin, shi ya sa kamfanin ƙera bindigogi na Springfield Armory ke amfani da ita. Wannan dalili na yarda da shi, don maganar rai ce. Sai dai tawa tana da matokarin tun daga kamfani, don haka na sa aka mayar mini da ta ƙarfe.

Na sayar da bindigar kafin na dawo gida, domin dokar makamai ta 1959 ba ta bar farar hula ya riƙe fistol haka kawai ba. Na ce wa yaron, "Ta hannunka ta gwamnati ce. Idan ta taɓa yi maka ƙas, kai ta wurin mai kula da makamai, kada ka canja mata komai da kanka."