Hutunmu a bakin tekun Elmina

Daga Akara zuwa Elmina, a ƙasar Ghana, tafiyar kilomita 150 da ɗoriya ce, amma cunkoson Kasoa kaɗai ya isa ya cinye wa mutum hantsi. Mun wuce mahaɗar Winneba da Mankessim, sai bayan azahar muka iso ɗan gidan da muka kama haya a yammacin garin: ɗaki biyu da falo, da madafa, da baranda mai fuskantar ruwa, itatuwan kwakwa sun yi masa rumfa. Iskar gishiri ta sa duk wani ƙarfe na gidan ya yi tsatsa, har kwaɗon ƙofa.

Mai kula da gidan, wani dattijo Bafante mai ɗan jin Hausa, tun kafin ya miƙa mana makulli ya nuna teku ya ce, "Alhaji, ruwan nan ta ƙasa yake ja. Kada yara su wuce gwiwa." Gaskiya ya faɗa. Ko babba ya tsaya a bakin ruwan zai ji rairayi na zamewa a ƙarƙashin ƙafarsa duk lokacin da igiyar ruwa ta koma. Wasan yara ya tsaya a kan yashi, tsintar bawon kawa da bin ƙananan ƙaguwa da ke faɗawa rami da sun ji motsi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk zaman shi ne jan taru. Tun da duhu kwalekwale yake fita ya zagaya da taru, ya dawo da igiya bakin gaɓa. Sai maza su yi layi biyu nesa da juna, kowane layi da igiyarsa, suna ja da baya suna waƙa, amshi ɗaya ja ɗaya. Wanda ya kai ƙarshe ya saki ya koma gaba ya sake kamawa. Aikin yana ɗaukar sa'o'i, layukan nan biyu suna matsowa a hankali har su haɗu. Babban ɗana ya tsaya kallo, wani saurayi ya yafito shi, ya shiga. Da tarun ya fito, kifi na tsalle cikin ciyawar ruwa, da ledoji masu yawa da suka ɓata mini rai, mata suka yi caa da kwanonin silba ana ciniki. Ɗana ma aka ɗebo masa rabonsa, tafin hannunsa ya yi jawur. Duk wanda ya kama igiya yana da haƙƙi, baƙo ne ko ɗan gari.

A nan amfanin gida mai madafa ya fito fili. Babu tunanin da me aka dafa, ko wa ya yanka. Uwargida ta wanke kifin da lemon tsami, ta shafa masa citta da tafarnuwa da attarugu, ta ɗora a kan gawayi a baranda. Muka sayo dokunun Fante, wanda ake naɗewa da ganyen ayaba, da shito, wato soyayyen yajinsu. A ganina wanda ya kwana a otal ya ci abincin otal bai san rabin garin nan ba. Washegari muka bi ta gadar da ke kan ruwan Benya, inda kwalekwale masu fenti da tutoci suka cika maƙil, hayaƙin bandar kifi ya rufe lunguna.

Ranar Talata masunta ba sa shiga teku, a gindin kwakwa za ka gan su suna ɗinkin taru. Ranar muka ware wa ganuwar Elmina, tsohon ginin Turawa da ake tsare bayi a cikinsa a da. Turawan Fotugal suka gina ta a 1482, na Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. A cikinta aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896 kafin a fitar da shi daga ƙasar. Na bar ƙananan yara a tsakar ginin tare da mahaifiyarsu, ni da babban muka shiga kurkukun mata. Zafi da rashin iska sun sa cikin 'yan mintuna riga ta jiƙe, ga wani warin danshi da bai bar bangon ba. A saman wannan wuri gwamnan Turawa yake kwana a lokacin. Ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jirgi kuwa sai mutum ya karkata kafaɗa zai wuce. Da mai yi mana bayani ya ce da yawa daga arewa aka gangaro da su, sai Salaga ta faɗo mini, kasuwar da fatakenmu suke zuwa sayen goro, wadda kuma ake sayar da mutane a cikinta. Ban iya cin abincin rana ba.

Mun leƙa dajin Kakum, muka hau gadojin igiya bakwai da ke lilo a saman itatuwa. Yara sun ji daɗi, amma a je da sassafe kafin motocin 'yan makaranta su iso.

Juma'a muka yi ta a Cape Coast, kusa da kasuwar Kotokuraba. Bayan an sallame wani tsoho ya ji Hausarmu, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, mutanen ina ne?" Na ce Kano, Baba. Ya ce kakansa ma daga can ya zo, shi kuwa bai taɓa taka ƙasar ba. Ya tambaye ni ko har yanzu ana rini a Ƙofar Mata, na ce ana yi. Ya aika jikarsa ta kawo mana koko da ƙosai a leda, ya hana ni sa hannu a aljihu, ya rako mu har tashar mota.