Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shirun Bournville

A makon jiya na tsaya a inda na sami ɗakin haya a kudancin Birmingham, a gidan wata dattijuwa 'yar Kweka, wata ɗariƙa ta Kirista. Saɓaninmu na farko a kan suna ne, domin ta nace in riƙa kiranta da sunanta na yanka, ni kuwa bakina ya ƙi ɗaukar sunan wadda ta yi jika da ni. Ta bayyana mini cewa mutanensu, waɗanda ke kiran kansu Abokai, tun zamanin George Fox, wanda ya kafa ɗariƙar, suka ƙi cire wa alƙali ko sarki hula, saboda sun yi imani akwai hasken Ubangiji a zuciyar kowane mutum, don haka babu wanda ya cancanci a rusuna masa. Na roƙe ta ta bar ni in ce mata Iya, har na buɗe baki zan rantse cewa kalmar ba sarauta ba ce, sai ta ɗaga hannu ta ce su ba sa rantsuwa ko a gaban kotu, domin mai rantsuwa ya nuna yana da magana iri biyu.

Wata Lahadi ta gayyace ni ɗakin taronsu da ke unguwar Bournville, bayan ta tabbatar mini babu abin da za a sa ni in furta wanda ya saɓa wa addinina. Babu limami, babu huɗuba. Muka zauna tsit har sa'a guda, ina jin kukan cikin dattijon da ke gefena da ƙarar ruwan sama a jikin taga, sai can wani mutum ya miƙe ya faɗi jimloli uku a kan ɗan'uwansa da ke kurkuku, ya koma ya zauna, ba wanda ya amsa masa. Da aka tashi, kowa ya miƙa wa na kusa da shi hannu. Na yi mamaki da na ji cewa waɗannan masu natsuwa sunansu, wato Kweka, na nufin masu makyarkyata, laƙabin da wani alƙali a Derby ya yi musu don ba'a a 1650, bayan Fox ya ce masa ya yi rawar jiki saboda kalmar Ubangiji.

A hanyar komawa gida ne na gane daga ina sunan Bournvita da muke sha tun muna yara ya samo asali. 'Yan'uwa biyu 'yan Kweka, George da Richard Cadbury, su suka kwashe masana'antarsu ta cakulan daga hayaƙin birni zuwa wannan fili a 1879, daga baya aka gina gidaje kowanne da lambunsa da itatuwan marmari, kuma ba a bari an buɗe mashaya ba. Iya ta ce wannan ƙauye jikan wani tsohon mafarki ne, wato al'umma marar aibi irin wadda Thomas More ya ƙaga a 1516 ya kira ta Utopia, kalmar da ke nufin wurin da babu shi. William Penn, shi ma ɗan Kweka, ya gwada wannan mafarki a Pennsylvania ta Amurka tun daga 1681, amma a 1756, da yaƙi ya zo, 'yan Kweka da dama suka bar majalisar dokokin yankin maimakon su amince da kuɗin makamai. Wani ɗan Kweka mai suna John Bellers kuma ya tsara a 1695 yadda matalauta za su zauna wuri guda su yi sana'a su ilimantar da 'ya'yansu, wani mai masana'anta Robert Owen ya sake buga rubutun, sannan ya kafa al'ummar New Harmony a Amurka a 1825, wadda ta watse cikin kimanin shekara biyu. A ganina Bournville ta daɗe ne domin ba ta yi alkawarin sauya halin ɗan Adam ba, rufi da lambu da albashi kawai ta yi alkawari.

Da na faɗa mata haka muna shan shayi, sai ta ajiye kofinta ta ce, "Ɗana, ka tambayi inda kokon ya fito." Ita da kanta ta ba ni labarin tsibirin Sao Tome, inda mutanen da aka kwaso daga Angola ke aikin da ba shi da maraba da bauta, kuma kamfanin Cadbury ya ci gaba da sayen kokonsu yana bincike har zuwa 1909, kafin ya daina ya karkata ga na Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Wata jarida ta zarge su da fuska biyu, suka kai ta ƙara suka yi nasara, amma diyyar da aka yanke musu rubu'in kwabo ce kacal. Ta ƙara da cewa Penn ma ya mallaki bayi, duk da cewa 'yan Kweka na garin Germantown da ke Pennsylvania sun rubuta takardar adawa da bauta tun 1688.

Na tambaye ta me ya sa take tona asirin nata mutanen a gaban baƙo, sai ta ce ai ta gaya mini tun ranar farko cewa magana iri ɗaya gare su. Sannan ta tura mini gwangwanin koko ta ce in ƙara. Mako mai zuwa zan kawo yadda azumina na farko ya kasance a gidanta.