Kafin a sauke giyabos

Garejina ƙarami ne, ba nisa da kasuwar Ƙofar Ruwa, ni da yara uku. Motoci masu giyar hannu su ne abincinmu: bas-bas na haya, a-kori-kura, Hilux, da ƙananan motocin da ke jigila tsakanin Kano da garuruwa. Cikin duk aikin da ake kawo mana, babu wanda na ga ana yi wa masu mota asara a kansa kamar kuloci mai aiki da mai, wato wanda man birki ke isar masa da takun feda. Giya ta ƙi shiga, sai a ce feleti ne, wato faifan kuloci, a sauke giyabos, a sayi kaya masu tsada, mota ta kwana biyu a kan jak. Alhali sau da yawa ciwon yana jikin wata 'yar roba da ba ta kai faɗin murfin kwalba ba.

Kwanakin baya wani dattijo ya shigo da Hiace, direban haya ne da ke lodi a Unguwa Uku. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Malam, an ce feletina ya ƙare, nawa za ka sauke min?" Na ce, "Baba, ba ni makulli tukuna." Mota a kashe, giya tana shiga lafiya lau. Na tayar, na taka, lamba ɗaya ta ƙi, ribas kuwa sai ƙara. Na taka feda sau biyar da sauri, giya ta faɗa. Daga nan na san inda zan duba. Feletin da ya cinye ba ya hana giya shiga, zamewa yake yi: ka ba mota wuta a hawan gada, inji na kuka, ita kuwa ba ta ja. Wanda ya ƙi saki sai an yi famfo da ƙafa, maganar mai ce ko iska.

Yadda abin yake, fedar tana tura fistin a cikin masta, silindar da muke kira na sama. Shi ke matsa mai ta cikin bututu zuwa na ƙasa da ke jikin giyabos, na ƙasan ya tura ƙarfen da muke kira cokali, cokali ya tura boris, boris ya danna kaba, wato murfin da ke matse feleti, feleti ya rabu da inji. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa duk ƙarfin ƙafarka yake isa ƙasa. Iska kuwa tana matsuwa. Ko kaɗan ta shiga, feda ta yi laushi kamar an taka soso, rabin takun ya tafi a banza.

Na sa yaro ya leƙa ƙarƙashin sitiyari da tocila, inda sandar feda ta shiga masta. A bushe. Ya shiga ƙarƙashin mota ya ja robar da ke rufe bakin na ƙasa, sai ga mai baƙi ƙirin ya zubo masa a hannu. "Oga, ga shi nan," in ji shi. Muka sa sabo, muka wanke layin, muka yi bulidin, wato fitar da iskar da ke cikin layin. Kafin la'asar Baba ya koma layi.

Masta ya fi wahalar kamawa, domin yana iya mutuwa ba tare da ɗigo ɗaya ya fito waje ba. Robar cikinsa ce ke sakin mai ya koma baya zuwa kofin da ake zuba man. Kofi a cike, ƙasa a bushe, mai mota yana rantsuwa cewa bai taɓa ƙara mai ba, kuma gaskiya yake faɗa. Gwajinsa haƙuri ne. A sa giya, a danne feda har ƙasa, a riƙe. In bayan ɗan lokaci mota ta fara motsi da kanta ƙafa tana ƙasa, masta ya tafi. Direbobi sun fi gane wannan a cunkoson Sabon Gari ko Kantin Kwari, inda ƙafa ke daɗewa a kan feda. Akwai kuma wani abu da ya kan ruɗi har tsofaffin kanikawa. In aka ɗaure sandar feda da yawa har babu ɗan wasa a samanta, fistin yana toshe ƙaramar ƙofar da mai ke komawa kofi. Da safe lafiya, in mota ta ɗauki zafi mai ya kumbura ya rasa hanya, kuloci ya fara zamewa kamar feleti ya ƙare. Na karɓi motar da aka canja wa feleti sabo fil saboda wannan, gyaranta kuwa sifana biyu ne da minti goma.

Maganar mai ita ta fi damuna. Man birki ake zubawa, DOT 3 ko DOT 4, yadda aka rubuta a murfin kofi. Wannan mai yana shan danshin iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, DOT 4 kuwa 230, amma in suka sha ruwa sai su sauko wajen 140 da 155. Ruwan nan kuma shi ke sa tsatsa a cikin silinda, tsatsa ta yanka roba. Ga zafin watan Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke shiga duk robar da ta tsage. Shi ya sa nake cewa a juye shi duk shekara biyu, kuma kada a sayi wanda aka buɗe aka ajiye a kan tebur. Baƙin mai ko man giya kuwa, ko a daji mota ta tsaya, kada a zuba. Kumbura robobi yake yi, sai an canja sama da ƙasa da tiyo gaba ɗaya.

Wasu motocin, irin su Golf 4, kofi ɗaya kuloci ke sha da birki. In mai yana raguwa a irinsu, birki ma sai na duba kafin in saki mota.

Ba kullum ake tsira daga sauke giyabos ba. A Opel Vectra da Zafira na ƙasan yana can ciki, haɗe da boris. In na ga mai yana ɗiga daga mahaɗar inji da giyabos, sai in zaunar da mai mota in gaya masa tun kafin a kwance noti ɗaya. A nan ne nake ba da shawarar a canja feleti da kaba lokaci guda, tunda kuɗin aikin ɗaya ne. Kuma a nan ba na sa ɗan Beljiyam. Ƙarfen Beljiyam yana da kyau, ni ma ina saye a Ƙofar Ruwa, amma robar da ta yi shekaru a ajiye ba abin da za a binne a cikin giyabos ba ne.

Bulidin shi ne abin da nake fara koya wa yaro. Ɗaya a kan feda, ɗaya a ƙasa da sifana, na uku yana tsaron kofi kada ya ƙafe. A taka, a riƙe, a buɗe notin fitar da iska, a rufe, sannan a ɗaga ƙafa. In na sama ya ɗaga kafin na ƙasa ya rufe, iska ta koma, sai a faro daga farko. Ƙaramin cikinsu wata biyu ke nan da zuwansa, jiya shi ya riƙe sifana, kuma da na taka fedar na ji ta tsaya tun daga sama.